Shatan rediyo ko Shatan fili: wanne ne na zaɓe?

Ɗan Jami'a: Salamu alaikum jama'ar zaure. Zan faɗi wata magana wadda na san Kawu Mai Kaset ba zai so ba. In za a zaɓi mafi kyawu cikin ayyukan Alhaji Mamman Shata, a nemi waɗanda aka ɗauka a natse, na gidan rediyo da na faifai, inda murya ke fita tas kuma waƙa ke da farko da ƙarshe. Dogayen kaset ɗin nan na wurin biki, rabinsu kiran sunan wanda ya yi kari ne. Nawa ukun su ne Bakandamiya, Na Tsaya Ga Annabi Muhammadu, da Kumbo Apollo. Wanda ya ja ya kawo hujja.

Kawu Mai Kaset: Wa alaikumus salam. Yaro, wace Bakandamiyar?

Ɗan Jami'a: Kawu, ai guda ce.

Kawu Mai Kaset: To ka ga inda gizo ke saƙar. Shata ya yi ta yin Bakandamiya shekara da shekaru, yau ya ƙara mata baiti, gobe ya zubar da wani, ya shigo da labarin abin da ya same shi a garin da ya baro. Wadda ke cikin wayarka daban, wadda ke cikin kwalina daban. Ku yaran yanzu kun saba mawaƙi ya shiga situdiyo ya fito da albam mai waƙa goma, ya jera su da kanshi, ya sa hoto da suna. Mafi yawan abin da mutane ke riƙe da shi suna cewa kaset ɗin Shata, mu muka jera shi a shago. Direba zai zo ya aje kaset sabo fil ya ce, cika mani da Shata. In mai minti 60 ne, kowane gefe minti 30 gare ni. In mai 90 ne, 45. Sai in duba wace waƙa za ta shiga, in ɗora uwar kaset a baki ɗaya, sabon a ɗaya bakin, in danna. In zare ya ƙare ana tsakiyar amshi, nan waƙar ta mutu, sai in juya in sa wata. In ɗauki biro in rubuta suna a jiki, wani lokacin ma sunan da mai kaset ɗin ya kira ta da shi. To in ka ce kaset kaza ya fi kaset kaza, hannuna kake yabo ko kushewa, ba Shata ba.

'Yar Ƙofar Marusa: Kawu, da wannan bayanin ai ka taimaki ɗan'uwana ne ba ka sani ba. Kwafi a kan kwafi shi ya kashe dogayen ɗaukar nan. Kowane juyi yana ƙara shuuu a bayan murya, kalangu ya dushe. In uwar kaset tana gudu fiye da ƙa'ida wurin juyin, sai murya ta sirance ka ce yaro ne. Daga baya aka kwashe su a haka aka zuba a memori, aka matse su don su shiga waya. Ni na sa wa ƙannena irin wannan, ba su kai minti 2 ba suka ce in canza. Na gidan rediyo kuwa sun zauna sun ji, har suna tambayar wane ne wannan.

Direban Kano: Hajiya ƙarama, ni ma'aunina hanya ce. In na tashi daga tasha a Katsina, ina son waƙar da za ta kai ni Charanci, ta wuce da ni Kankiya ba ta ƙare ba. Gajerar waƙa tana fara daɗi sai ta tsaya. Fasinja ma sun fi yin shiru da doguwa.

Ɗan Jami'a: Yaya Direba, wannan ai maganin barci kake nema, ba waƙa mafi kyau ba.

Malamin Hausa: Bari in sa baki, don maganar kiran suna ce ta tsaya mani. Ɗana, abin da ka kira ciko shi ne aikin. Shata mawaƙi ne na nan take. Yana tsaye, makaɗa na bayanshi, 'yan amshi na jira. Zai jefa baiti, su karɓa da amshi, kuma a cikin 'yan daƙiƙun da suke amshin ne yake ƙulla baiti na gaba. Mutum ya shigo fili, sanƙira ya faɗi sunanshi da garinsu da sana'arshi, kafin amshi ya zagayo Shata ya riga ya saka shi cikin waƙa, da kirarinshi, kuma karin bai karye ba. Wannan gwanintar ba ta fitowa sosai a ɗakin da ba kowa sai mai na'ura. Sannan a lura da kalangu. Makaɗi yana matse tsarkiya a hammata ya sassauta, sauti ya hau ya sauka yadda maganar Hausa ke hawa da sauka, shi ya sa kake jin kamar ganga na faɗin abin da mawaƙi ya faɗa. A fili, in wuri ya yi zafi, makaɗa kan tura shi, shi ma ya tura su. Kuma gajartar da kake yabo ba duka zaɓinshi ba ce. Faifan garmaho na da yana ɗaukar wajen minti 3 ne a kowane gefe, babban faifan da ya zo daga baya wajen minti 20. Wato na'ura ce ta yanka wa mawaƙan zamanin riga, ba su suka auna ba. Wani abin kuma, sunayen nan tarihi ne. Fatake, direbobi, dogarai, 'yan kasuwa, mata masu abin hannu, mutanen da ba wanda ya rubuta su a littafi, a bakinshi suka rage. Ka ɗauki Hassan Sarkin Dogarai ko Sarkin Bori Sule, in ka cire mutumin me ya saura? Jami'ar Ahmadu Bello ma ta ba shi digirin girmamawa a 1988.

Ɗan Jami'a: Allah gafarta Malam, na ji, amma ban sauka ba. Tarihi daban, daɗin saurare daban. Kumbo Apollo ba ta bukatar kowa ya yi kari. Amurka ta kai mutum duniyar wata a 1969, mutumin Musawa ya ɗauki abin ya sa a kalangu, wanda bai taɓa ganin jirgin sama kusa ba ya fahimta. Irin wannan nake nufi, waƙar da ke tsaye da ƙafarta. Waccan kuwa sai ka san wane ne Alhaji wane kafin ta yi maka daɗi.

Malamin Hausa: Ba sai ka san shi ba. Kai ka san mutanen da ake yabo a waƙoƙin Narambaɗa? Amma kana ji.

'Yar Ƙofar Marusa: Malam, ina ganin ma'aunin ɗan'uwana ya fi dacewa da Ɗan Maraya Jos, Allah ya jiƙan shi. Shi kaɗai ne da kuntiginshi, ba 'yan amshi, ya ɗauko labari ya kai shi ƙarshe, ko na karen mota ko na zaman aure. Irin wannan in an ɗauke shi a ɗaki shiru ba a rage mashi komi ba. Amma duk da haka ina nan kan bakana a maganar sauti. Waƙar da ba a jin kalmominta, ko ta fi kowace, ba ta da amfani ga wanda aka haifa bayan 1999.

Goggo ta Daura: Ku yi ta jayayya. Ni ban ga wanda ya ambaci waƙar Sarkin Daura Muhammadu Bashar ba, kuma wai ana lissafin na gaba-gaba. Ɗan nan, ka jera uku ka bar ta? Mutumin da aka haifa a Musawa, ya zauna Funtuwa, amma da ya rasu a Yunin 1999 nan Daura aka kawo shi aka rufe, saboda abin da ke tsakaninsa da Sarki. Sarkin nan ya hau a 1966, ya yi shekara 41 a kan gado. Ka saurari yadda Shata ke sassauta murya in yana yi masa waƙa, ba irin ta wanda ke jiran a miƙo ba ce. In ba ta cikin ukun, ku sake lissafi.

Direban Kano: Goggo ta zo da batun gida.

Goggo ta Daura: To da na wa zan zo da shi?

Kawu Mai Kaset: Hajiya ta yi gaskiya, ita ce mutanen Daura da Mashi suka fi sa in cika masu, har na kan aje kwafi biyu a shirye. Amma akwai abin da ba ku taɓo ba, shekaru. Muryar Shata ta ƙuruciya tana da kaifi da sauri, kamar ana korar shi. Ta girma ta yi kauri, ya daina gaggawa, yana barin kalangu ya yi magana kafin ya shigo. Masu saye sun rabu biyu a nan tun ina shago. Samari na son mai zafin, dattawa na cewa a ba su ta baya-bayan nan. Ni ta girman nake so, don a nan Bakandamiya ta cika, ya ga duniya, yana da abin faɗi game da kanshi.

Ɗan Jami'a: A nan ma ban yarda ba, Kawu. Ta baya-bayan akwai inda numfashi ke gazawa, 'yan amshi ke ɗauke nauyin.

Kawu Mai Kaset: Ɗauke nauyin shi ne aikinsu tun farko.

Direban Kano: Ba wanda zai sa Gagarabadau? In ana maganar iya sarrafa harshe, zambo ya fi yabo wuya.

Malamin Hausa: Gwaninta kam akwai, ba musu. Sai dai zambo da mutum ake yi, kuma mutum na da zuriya. A bar ta a saurare, kada a ɗora ta a kan gaba. Ni in dole sai na zaɓa, zan karɓi Na Tsaya Ga Annabi Muhammadu daga hannun ɗana, ba gardama, in ƙara ta Goggo, sannan Bakandamiya doguwa ta fili. Kumbo Apollo ta jira ta huɗu.

Ɗan Jami'a: Biyu cikin ukuna sun tsira ke nan. Saura Kawu ya daina cewa akwai wadda ta fi tawa, ya fito da ita a ji. Wace shekara aka ɗauke ta, a wane gari?

Kawu Mai Kaset: Ba a rubuta shekara a jiki ba, da wa ke rubutawa? Amma daga sunayen da yake kira za ka gane garin, ka ga amfanin abin da ka raina. Tana nan a mai minti 90, ta cinye gefe guda ta tsallaka. Ka zo Ƙofar Ƙaura ranar Asabar bayan la'asar, ka taho da wayarka mu sa su ɗaya bayan ɗaya, Malam ya yi alƙalanci.

'Yar Ƙofar Marusa: Malam ya riga ya faɗi ɓangarenshi, ba zai yi alƙali ba. Zan turo ƙannena biyu su zauna. In suka kai ƙarshen gefen farko ba su taɓa waya ba, Kawu ya ci.

Kawu Mai Kaset: Na yarda, amma a karɓe wayoyin a bakin ƙofa. Direba, in ka shiga Kano ka samo mani bel ɗin rikoda, nawa ya saki, kada a ce muryar ce ke rawa.