Tari ya ɗauke tun wata na biyu, me ya sa sai ya cika wata shida?

Mai Albasa, Mile 12:
Assalamu alaikum jama'a. Ƙanena da muke sana'a tare a kasuwa aka yi wa gwajin kaki, aka ce tarin fuka ne. An ɗora shi a kan magani, kyauta ma ake bayarwa. Yau wata uku ke nan, tari ya ɗauke, gumin dare ya daina, har kumatu ya yi. Shi ne ya ce zai ajiye maganin ya tafi gida noma, damina ta faɗi. Ma'aikaciyar asibitin ta ce kada ya kuskura, wai ƙwayar cutar ɓuya take yi. To a ina? Jiki ɗaya ne, magani kuma jini yake bi. Don Allah mai sani ya fahimtar da ni, hankalina bai kwanta ba.

Ɗalibar Likitanci, Idi-Araba:
Wa alaikumus salam Yaya. Gaskiya ta faɗa muku. Wurin ɓuyar ne ma abin mamaki: cikin sojan da aka turo ya kashe ta. A huhu akwai fararen ƙwayoyin jini da ake kira makrofej, aikinsu haɗiye baƙuwar cuta. Idan sun haɗiye, sai su kulle ta a wata 'yar jaka, su haɗa jakar da wata mai ɗauke da sinadaran narkarwa. Ƙwayar tarin fuka tana hana jakunkunan nan biyu haɗuwa, sai ta zauna a ciki lafiya lau. Jiki kuma ya yi wa wurin shinge da wasu ƙwayoyin garkuwa. Cikin shingen iska ta yi ƙaranci, abinci ma haka, sai wasu daga cikin ƙwayoyin cutar su lafe, su daina hayayyafa.

Nan matsalar take. Magani irin isoniazid ya fi kama wadda ke girma tana gina bangon jikinta. Masu kuzarin suna mutuwa a makonnin farko, shi ya sa ƙanenka ya ji sauƙi. Waɗanda suka lafe su ake bi sannu a hankali da rifampicin, wanda ke mai da fitsari ja ɗin nan. Watanni huɗun ƙarshe saboda su ne.

Baba Direba, Agege:
Ɗana, riƙe shi da kyau. Ni na yi wannan gangancin. Wata huɗu na sha, na ga ina jan tirela har Kano ba haki, na watsar. Ban cika shekara ba na fara ganin jini a kaki, kuma kafin in farga ƙaramar 'yata ta ɗauka. Har yau in na tuna ramar da yarinyar nan ta yi sai zuciyata ta karye.

Mai Albasa, Mile 12:
Subhanallah, Allah ya ƙara lafiya Baba. Malama, wato ƙwayar ta riga ta fi ƙarfin maganin ke nan?

Ɗalibar Likitanci, Idi-Araba:
A'a Yaya, abu biyu ne. Mai bijire wa magani halittarta ce ta sauya, 'ya'yanta ma haka za su fito. Mai lafewa kuwa ba abin da ya sauya, in ta farka magani zai kashe ta. Tun 1944 wani likita, Joseph Bigger, ya lura da haka a gwajinsa da fenisilin. Amma sha-ka-bari ne ke ba ta damar komawa mai bijirewar, kuma jinyar wannan ta fi wuya nesa ba kusa ba.

Tafiyar ba laifi ba ce. Ya je cibiyar da yake karɓar magani ya ce zai koma gida, za su ba shi takardar sauyi zuwa wadda ke kusa da garinku. Kai ma da kuke kwana ɗaki ɗaya, a duba ka.

Mai Albasa, Mile 12:
Na gode ƙwarai. Na karanta masa maganar Baba, ya yi shiru. Gobe da sassafe kafin motar albasa ta iso za mu je neman takardar, ni ma in ba da kakina.