Wai Amurka ta sha kaye a Biyetnam? Gardamar daren jiya a zauren Fadar Zariya, Maradi

Malam Rabe: Yaranmu na fada sun ishe ni. Kowa da shayi a hannu yana cewa a buga da wane, a buga da wane, kamar yaƙi wasan ƙwallo ne. Ku dubi Amurka da ta sha kaye a Biyetnam. Sojojinta sama da 58,000 suka mutu, waɗanda suka koma gida da yawa suka faɗa ƙwaya, wasu suna kwana a titi, wasu kansu ya taɓu. A 1970 a jami'ar Kent State dakarun ƙasar suka harbe ɗalibai 4 a lokacin zanga-zangar ƙin yaƙin. Tun daga nan yardar talakansu da gwamnati ta zube, har yau ba ta koma yadda take ba.

Laminu: Malam, da girmanka, kaye kuma? Amurka ba ta sha kaye ba, janyewa ta yi. An sa hannu kan yarjejeniyar tsagaita wuta a Paris a 1973, sojojinta suka fita. Saigon, babban birnin Biyetnam ta Kudu da Amurka ke mara wa baya, sai 1975 ta faɗi.

Saluhu: Janyewa! Wanda aka kwashe mutanensa da jirgi mai saukar ungulu daga kan rufin ofishin jakadanci, janyewa ya yi? A dambe idan ka bar fili an kashe ka ke nan.

Laminu: Yaya Saluhu, kawo mini babban gumurzu ɗaya da aka ci su.

Saluhu: Ni ban da lokacin bincike. Ai mun san ka, tun da suka kwashe kayansu daga Agadas a 2024 kake zaman makoki.

Laminu: Kai kuma wa bai ga tutar Rasha a bayan babur ɗinka ba?

Hajiya Mariyama: 'Ya'yana, Malam maganar waɗanda suka dawo yake yi. Ku tuna mutanenmu da suka gudo daga Libiya a 2011 hannu rabbana, gidaje nawa suka mutu? Kuma ba wanda ya ambaci 'yan Biyetnam ɗin, da gubar da aka fesa wa dazuzzukansu take nakasa jarirai har yanzu.

Abdu Tela: Gaskiya ne Hajiya. Amma Faransa ce ta fara shan kashi can, a Dien Bien Phu, 1954. Har Seyni Kountché ya yi wa Faransa aikin soja a Indoshin, yankin da Biyetnam take ciki.

Laminu: To ka ji inda kalmar kaye ta dace.

Saluhu: Wato Faransa ka yarda, uban gidanka ne ba ka yarda ba.

Abdu Tela: Ni Muhammad Ali ne gwanina. A 1967 ya ƙi shiga soja, aka ƙwace kambunsa, sai 1971 kotun ƙoli ta wanke shi.

Laminu: Tsoro ne ya hana shi.

Abdu Tela: Janye wannan maganar, ko wallahi in fita daga zauren nan!

Malam Rabe: Na kawo maganar marayu da zawarawa, kun mai da ita dambe. Ƙasar da ta soke tilasta wa matasa shiga soja a 1973 saboda zafin abin, ita kuke gardamar ko an ci ta.

Saluhu (shugaban zaure): To a taƙaice, jama'a sun amince Amurka ta sha kaye, mutum ɗaya ne ya ƙi, kuma bai kawo hujja ba. An rufe. Kuɗin shayi na wannan wata, saura mutum 4 ba su biya ba.

Laminu: Wace jama'a? Kai da Abdu?