Masu gasa kabon naitirayid, me kuka gani a tanderunku?

Ɗalibar digiri na biyu: Assalamu alaikum. Ina gasa sinadarin melamin a zafin digiri 550 na ma'aunin Salshiyos na awa 4 don in samu kabon naitirayid, wato garin da ke amfani da haske wajen hanzarta sauyin sinadarai, garin ya fito rawaya kamar yadda ake so, amma a ƙarƙashin fitila shuɗiya aikinsa ba ya taka kara ya karya. Waɗanda suka riga ni, yaya naku ya kasance?

Mai kula da ɗakin gwaji: Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Melamin dama haka yake, yana ba da gari da yawa amma a dunƙule, fuskar da haske ke taɓawa kaɗan ce. Ni yuriya na koma. Za ki cika kasko, ki buɗe ki tarar da ɗan abin da bai kai ya kawo ba, sai dai garin sakayau ne, launinsa ya koɗe, kuma ya fi aiki nesa ba kusa ba. Murfin kaskon ma yana da tasiri: in ya yi sako-sako, yawancin kayan sai su bi iska. Amoniya na fita sosai, a tabbata hayaƙin yana da mafita.

Ɗalibin digiri na uku: Malam ya yi gaskiya. Na ƙara da cewa da zafi ya haura 600 abin ya fara ruɓewa, wajen 700 kasko wayam.

Malama a sashen sinadarai: 'Yata, da me kike auna aikin? In rini ne kike duba yadda garin ke dusashe launinsa a haske, ki bar cakuɗin cikin duhu tukuna. Na sha ganin launi ya dusashe alhali garin ne kawai ya tsotse rinin. Wani rinin kuma shi kansa yana shan haske, sai a yaba wa garin aikin da ba nasa ba. Tazarar makamashin garin, wato mafi ƙarancin ƙarfin hasken da zai sa shi aiki, kusan 2.7 eV ce (eV ma'aunin makamashi ne), don haka hasken da tsawon zangonsa ya wuce nanomita 460 kusan a banza yake. Ko aikin su masana Xinchen Wang da Markus Antonietti na 2009, na fitar da haidirojin daga ruwa da wannan garin, sai da ɗan ƙarfen filatinam ya yi armashi.

Ɗalibin digiri na uku: Mu ba da rini muke auna aikin garin ba, sinadarin barasar benzil muke mayarwa wani sinadarin, benzaldihayid, da iskar oksijin. Bayan an gama sai mu tace garin mu wanke, mu sake amfani da shi. Wanda muka dafa cikin narkakken gishirin fotasiyam da litiyam ya fi na melamin zalla sauri.

Ɗalibar digiri na biyu: Na gode, Malama. Rini nake amfani da shi. Wannan gishirin, a wane zafi kuke narka shi?