Injin espresso yana kamawa amma ruwa ba ya zafi

Abban Hanan, Samaru:
Assalamu alaikum. Ina neman taimakon masana. Injin gahawata mai boila (tukunyar dafa ruwa) ɗaya ne, an rubuta 230V, 1100W a ƙasansa. Fitila tana kamawa, famfo yana aiki, amma ruwan da ke fitowa sanyi ƙalau ko an bar shi rabin awa. Abin ya fara ne bayan an yi tururin madara an bar shi a kunne. Ina da maltimita, wato mitar auna lantarki. Ta ina zan fara?

Injiniya Sabon Gari:
Wa alaikumus salam, Malam. Tunda famfo yana aiki, wuta tana shiga injin, matsalar tana layin da ke kai wa elimen, wato ƙarfen da ke zafafa ruwan. Ka zare filogi daga soket tukuna, kashe makunni kaɗai bai isa ba. Ka buɗe murfin sama, ka ɗauki hoton wayoyin kafin ka taɓa komai.

Ka fara da abin kariyar zafi. A injin samfurin Rancilio Silvia tamostat ne (makunnin da zafi ke kashewa) mai ɗan jan maɓalli a jikin boila, yana yanke wuta a 165°C, dannawa kawai ake yi ya dawo. A samfurin Gaggia Classic kuwa fis ne na 184°C cikin rigar roba, in ya yanke sai dai a sa sabo. Ka duba wanne naka yake da shi. Daga nan ka auna tamostat na gahawa da na tururi, kowanne ka cire masa waya ɗaya, in ba haka ba mita za ta zagaya ta wani layin ta ruɗe ka. A sanyi dole su nuna kusan 0 a ma'aunin om, wato awon turjiyar wuta.

Sai elimen. Ka ninka 230 da 230 ka raba da 1100, zai ba ka om 48, to abin da ya kamata ka gani ke nan, ko sama ko ƙasa kaɗan. In mita ta nuna OL, wato babu hanyar da wuta za ta bi, ya ƙone. Ka kuma auna tsakanin kowane ƙafar elimen da jikin boila. Nan OL ake so. In ka ga wata lamba, ruwa ya shiga cikinsa, kada ka sake jona injin, jikinsa zai iya jan mutum.

Hajiya Mai Gahawa:
Abban Hanan, abin da ya ja hankalina shi ne maganar tururin nan. Duk tururin da ya fita ruwan boila ne ya ragu, kuma irin waɗannan injinan ba sa cika kansu. In elimen a cikin ruwan yake, samansa zai zauna a bushe yana gasuwa. Da an gama madara a kashe makunnin tururi, a buɗe bututun, a kunna famfo har ruwa ya zubo sosai babu fesawa, sannan a rufe.

Kar ka ɗora laifin a kan rashin ƙarfin wuta. In ta faɗi zuwa 180V, elimen ɗinka zai ba da wat 670 ko kusa da haka, ruwan zai yi jinkiri amma zai yi zafi. Sanyi ƙalau yankewa ce.

Abban Hanan, Samaru:
Allah ya saka da alheri. Elimen ya nuna 47, jikin boila OL, tamostat biyun duk 0. Na sami jan maɓallin, na danna ya ce ƙas, yanzu ruwa yana zafi. Shi ke nan an gama?

Malam Gyara, Tudun Wada:
Da saura, ɗan'uwa. Maɓallin nan ba ya tashi haka kawai. Kuma akwai abin da zan ƙara a kan bayanin Injiniya: tamostat da ya manne a rufe shi ma 0 zai nuna a sanyi, don haka awon nan bai wanke shi ba. Sai da zafi ake gane shi.

Ka mayar da murfi, ka cika boila, ka kunna, makunnin tururi a kashe. Ya kamata fitilar zafi ta mutu cikin 'yan mintoci. In ta daɗe, kuma da ka kunna famfo tururi ke fesowa a madadin ruwa, na gahawa ne ya manne. In wannan lafiya lau, ka kunna tururi ka tsaya a kai, hannunka kusa da makunni. Ya kamata fitilar ta sake mutuwa wajen 140°C. In ba ta mutu ba har jan maɓallin ya sake tashi, na tururi ne mai laifi.

Wajen sauyawa ka karanta lambar da aka buga a jikin tsohon ka sayi daidai ita. Ka goge wurin, ka shafa ɗan man isar da zafi irin na kwamfuta, masu gyaran kwamfuta suna da shi. In mai zare ne ka ɗaure da hannu kawai, zaren siriri ne, sifana na karya shi a cikin boila. Ka duba kawunan wayoyin kuma: wanda robarsa ta yi baƙi ko yake lilo a yanke shi a matse sabo, don kai mai sako-sako yana yin zafi da kansa.

Don Allah ko wane ne ya ce maka a haɗe wayoyin abin kariyar a tsallake shi, kar ka yarda. In tamostat ya sake mannewa babu abin da zai tsayar da elimen.