ERROR 1071 a MySQL 5.6: in rage kolom ko in kwashe kayana?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema kafin Asabar. Teburin masu rajista ne a rumbun bayanai na MySQL 5.6, injin ajiyarsa InnoDB, layi kusan miliyan 2. An mayar da tsarin haruffansa utf8mb4 saboda masu saka emoji a suna. Yanzu fihirisar UNIQUE, mai hana maimaici, a kan kolom ɗin imel, VARCHAR(255), ta ƙi hawa. Saƙon shi ne: Specified key was too long; max key length is 767 bytes. Sabar haya ce ta haɗaka, ba ni da root, wato cikakken iko a kan sabar, ba na iya taɓa my.cnf, fayil ɗin saitunan MySQL. In rage kolom ɗin ne, ko in koma sabar kanmu da MySQL 8.0?

Injiniya_B: Wa alaikumus salam. Buɗe my.cnf ka sa innodb_file_format=Barracuda, innodb_large_prefix=1, innodb_file_per_table=1. Sai ALTER TABLE da ROW_FORMAT=DYNAMIC. Iyakar za ta tashi daga 767 zuwa 3072.

Ɗan Fagge: Injiniya, ai na ce my.cnf ba ya hannuna.

Maman Ilham: Ba lalacewa sabar ta yi ba, lissafi ne. A utf8mb4 MySQL na ware wa kowane harafi bayit 4 ko da bai cinye su ba. 255 sau 4 ya ba da 1020, tsarin layi na COMPACT da teburinka ke kai kuwa 767 kaɗai yake ɗauka. 191 sau 4 shi ne 764, daga nan 191 ɗin da kuke gani a Laravel, kayan gina manhaja na PHP, ya samo asali. Da fihirisar ba UNIQUE ba ce, kuma ba a kunna tsauraran ƙa'idojin sql_mode ba, da ya datse ta da kansa ya bar maka gargaɗi. UNIQUE ce ba ya yi wa haka. Fara da SELECT MAX(CHAR_LENGTH(email)). In bai kai 191 ba, ka rage.

Sarkin Zolaya: Ka koma PostgreSQL ka huta.

Maman Ilham: Can ma fihirisar btree na da iyaka, bayit 2704 a sigogin yanzu. Mutum na neman allura kana miƙa masa garma.

Injiniya_B: To ya tura wa masu sabar su kunna masa. Amma ya duba SHOW TABLE STATUS bayan ALTER ɗin. Idan Antelope, tsohon tsarin fayil na kafin Barracuda, ke aiki, 5.6 zai karɓi umarnin DYNAMIC, ya yi gargaɗi a ɓoye, ya bar teburin a COMPACT. Sai mutum ya ɗauka an gama.

Baba Tsoho: Duk kun tsallake babban ramin. Ɗan Fagge, daga ina aka mayar da teburin utf8mb4? In daga latin1, tsarin haruffa mai bayit ɗaya-ɗaya, ne da CONVERT TO CHARACTER SET, tsaya cak ka duba sunaye tukuna. Akwai teburin ɗalibai da aka kawo gyara bayan irin wannan aiki. Shekara da shekaru manhajar na zuba bayanan UTF-8 cikin kolom ɗin latin1, komai na fita daidai a allo saboda yadda ya shiga haka yake fita. Ranar da aka yi CONVERT, MySQL ya ɗauki kowane bayit a matsayin harafi mai zaman kansa. Harafin ƙ bayit biyu ne, C6 da 99, sai ya koma Æ™. ɗ ya koma É—, ɓ ya koma É“. Ba wanda ya lura sai da takardun sakamako suka fito, ga shi an yi makonni ana zuba sababbin sunaye masu kyau a kan gurɓatattu. Kwafin ajiya kuma na kwana bakwai ne, sabo na danne tsoho. Gyaran ya koma layi-layi, domin umarnin da zai warkar da gurɓataccen suna shi ne zai kashe lafiyayye. Hanyar da ta dace: a fara mayar da kolom ɗin VARBINARY, daga nan a mayar da shi VARCHAR na utf8mb4, bayit ɗin ba za su motsa ba. Gwaji kuma SELECT HEX a kan suna mai ƙ. C699 lafiya lau. In ka ga C386E284A2, sai dai haƙuri.

Ɗan Fagge: Allah ya saka da alheri Baba. Daga utf8 na bayit 3 aka taso, na duba, sunaye lafiya.

Baba Tsoho: Ka sake dubawa. Wanda ya yi wancan aikin ma haka ya ce.

Na Damagaram: Malam ka tashi kawai. Tun Fabrairun 2021 Oracle ta daina kula da 5.6, 5.7 ma ya bi shi a Oktoban 2023. Sabar kanka dala 6 a wata ta ishe ka.

Injiniya_B: Dala 6 da layi miliyan 2? Wannan mai RAM 1GB ce, MySQL 8.0 zai shaƙe. Ka lissafa dala 24, ban da wurin ajiye kwafi. Mai yin ƙaurar kuma ba zai karɓi ƙasa da naira dubu 150 ba.

Na Damagaram: Dubu 150 na me? fitar da kwafi ne da mysqldump a shigar a sabuwar sabar, dubu 30 ma an yi wa mutum alheri.

Maman Ilham: Mai dubu 30 shi ne zai bar ROW_FORMAT=COMPACT a cikin fayil ɗin, 767 ta bi ka har 8.0. Ga caching_sha2_password, hanyar tantance kalmar sirri ta 8.0, da tsohon PHP bai sani ba. Ga ONLY_FULL_GROUP_BY da ke kunne tun 5.7, zai karya tambayoyin da 5.6 ke haɗiyewa. Ga RANK da GROUPS da suka zama keɓaɓɓun kalmomi, duk kolom mai wannan suna sai an gyara. In kuma ɗagawa za a yi a wuri guda, dole a bi ta 5.7.

Na Damagaram: Hajiya, karatun takarda daban, riƙe sabar daban.

Maman Ilham: Yallaɓai, nuna min guda ɗaya da ba haka yake ba.

Sarkin Zolaya: Masu fassara sun ce sabar sunanta uwar garke. Ga uwa na nakuda, ungozomomi na faɗa a kan kuɗin sabulu.

Shiru-Shiru: Akwai hanya ta uku. Imel ba ya buƙatar emoji. Mayar da wannan kolom kaɗai CHARACTER SET ascii, 255 ta zama bayit 255, fihirisa ta hau ba tare da root ba. Sharuɗɗa: a tabbatar babu imel mai harafin da ba na ascii ba. Sauya charset ko rage tsawo duka sai an kwafe teburin gaba ɗaya, rubutu zai tsaya har a gama, kuma ana son sarari kwatankwacin girman teburin. A yi da dare. Kafin nan a yi GROUP BY email HAVING COUNT(*) > 1, don tsarin jeri mai ƙarewa da _ci ba ya bambanta babban baƙi da ƙarami, in akwai maimaici 1071 za ta tafi 1062 ta zo. Fihirisar email(191) ma tana hawa, amma haruffa 191 na farko kawai take tsarewa.

Baba Tsoho: Wannan ascii ɗin kada wani ya ji ya kai shi kolom ɗin suna. Da haka aka mayar da ƙasa kasa, aka mayar da Ɗanladi alamar tambaya da anladi.

Maman Ilham: Ka bar ta ƙugiya ma, Baba. Fom nawa ke ƙin Sa'adatu da Mu'azu saboda alamar nan ta tsakiya? Maimakon mai manhaja ya yi amfani da tambaya mai gurbi ta PDO, hanyar PHP ta magana da rumbun bayanai, sai ya hana alamar gaba ɗaya wai yana tsoron kutse.

Na Damagaram: A nan wani fom ɗin ma zai karɓi é da ï, ya ƙi ƴ.

Injiniya_B: Sannan sunan da ke katin banki ya saɓa da na takardar makaranta, a ce mutum ya je kotu ya yi rantsuwa.

Ɗan Fagge: Jama'a, MAX ɗin ya ba ni 67. To 191 ko ascii?

Sarkin Zolaya: Tsaya tukuna, ba a gama da Mu'azu ba.