Waɗanda suka taɓa kai ɗan kwikwiyo asibitin dabbobi, me ake yi masa a zuwan farko?

Abban Khalil, Kaduna

Assalamu alaikum jama'a. An ba ni ɗan kwikwiyo don gadin gida, ruwa biyu ne, uwarsa 'yar gida ubansa irin na Jamus. Wanda ya ba ni ya ce satinsa bakwai, kuma wai an riga an yi masa allura. Da na ce wace allura, sai ya ce allurar karnuka mana. Ranar Asabar nake so in kai shi wajen likita. Me ake yi a zuwan farko, kuma me zan riƙe? Don Allah kowa ya faɗi abin da idonsa ya gani, ban da labarin majalisa.

Maman Ilham, Zariya

Wa alaikumus salam. Mu asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello muka kai tamu, a Samaru. Na zaci allura za a soka mata mu juyo, ashe allurar ma ba ranar za a yi ba.

An fara da buɗe mata kati: sunanta, jinsinta, watanninta, abin da take ci, inda take kwana, ko an taɓa yi wa uwarta rigakafi. Aka ɗora ta a sikeli, don duk maganin da za a ba ta da nauyinta ake auna shi. Sai ma'aunin zafi ta dubura, nan ta yi ƙara ɗaya ta yi shiru. Likitan ya ce zafin jikin kare lafiyayye tsakanin digiri 38 ne da 39 da 'yan ɗigo, ya ɗara na mutum, kada in taɓa ta in ce zazzaɓi take yi.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne da ya ɗaga leɓenta ya danna dasashi da yatsa. Ya ce ya kamata ya zama ja-ja, in an danna an saki jinin ya dawo cikin daƙiƙa biyu. Nata fari fat. Ya janyo fatar ido, nan ma haka. Ya lallatsa cikin, wanda mu a gida muke ta yabo wai ta ƙoshi, ya ce wannan tumbin ba na ƙoshi ba ne. Ɗaliban da ke tare da shi suka ɗebi kashinta suka duba a madubin likita, suka kira ni na leƙa, ga ƙwayayen tsutsa birjik, irin wadda ke maƙalewa a hanji tana shan jini. Aka ba ta maganin tsutsa, aka ce mu dawo bayan sati, don ba a yi wa marar lafiya rigakafi. Washegari abin da ta kasayar, wallahi kamar an zubar da taliya.

Ka tafi da ɗan kashinsa na safiyar ranar a leda. Ka sa shi a kwali da tsumma a ƙasa, don wasu suna amai a mota.

Ɗan Gwaggo

Kare har da kati? Ni da nake mutum ban san inda nawa yake ba.

Injiniya Dauda, Jos

Ɗan Gwaggo ka yi dariyarka, katin nan shi ne komai. Abban Khalil, maganar "an yi masa allura" da baki kawai, ka ɗauka ba a yi ba. Ni da kuɗina na sayi nawa a wajen wani mai kiwon karnuka, ya rantse mini an gama masa rigakafi, katin ne wai ya ɓata. Bai yi sati biyu a gidana ba ya daina cin abinci, sai amai, sai zawo mai jini. Warin zawon nan wanda ya taɓa jin sa ba ya mantawa. Likita na ganinsa ya ce farbo ce, wata cutar hanji mai saurin yaɗuwa tsakanin karnuka. An yi ta ƙarin ruwa da allurai, kuɗin da na kashe ya ninka na rigakafin sau da yawa, kuma bai tashi ba.

Bayan ya mutu likitan ya hana ni kawo wani kwikwiyon nan kusa. Ya ce ƙwayar cutar tana daɗewa a ƙasa, watanni, wani lokaci har shekara, kuma sabulu ba ya kashe ta, sai bilic. Siminti na wanke, amma ƙasar tsakar gida fa? Shi ya sa da na sake samun wani, ko a asibitin ban ajiye shi a ƙasa ba, a hannu na riƙe shi har aka kira mu. Ka tuna duk kare marar lafiya a garin nan wajen ake kawo shi.

Baba Sarkin Dawa

Yarana ne suka nuna mini wannan zance. Mu mun gaji farauta kaka da kakanni, karnukanmu ba su san likita ba. Dusa da ƙanzo da romon nama, su yi gudun yini a daji. Karnukan Turawan da kuke saya ne ba su da ƙwari. Ɗan gida in ya sha nonon uwarsa ya ƙoshi, ya gama.

Likita Hauwa, Sakkwato

Baba, Allah ya ƙara girma. Gaskiya ne karen gida ya fi jure zafi da wahala. Amma ina roƙon Baba ya tuna, in karya ta haifi bakwai ko takwas, nawa ke kaiwa girma? Waɗanda kuke farauta da su su ne suka tsira, sauran an ce ba su da kwana. Yawancinsu tsutsa ce da farbo da distemfa, wato cutar karnuka mai kawo zazzaɓi da majina da karkarwa, kuma duk ana iya tare su.

Abban Khalil, ga yadda muke yi. Rigakafin farko tsakanin sati 6 da 8, allura ɗaya ce mai haɗe da cututtuka biyar, za ka ga an rubuta DHLPP a katin. Ana maimaita ta bayan sati 3 zuwa 4, a ci gaba har ya kai sati 16. Dalilin maimaicin yana da alaƙa da abin da Baba ya faɗa. Nonon farko na uwa yana ba shi kariya, amma wannan kariyar tana iya hana allurar kamawa, kuma tana ƙarewa a lokaci daban-daban ga kowane kwikwiyo. Ba wanda zai kalle shi ya san ranar da ta ƙare. To akwai 'yan makonnin da kariyar uwa ta yi rauni, ta allura kuma ba ta kafu ba, a nan farbo ke kwashe su. Don haka ko an yi masa ta farko, kada ya fita titi ko ya cuɗanya da baƙin karnuka sai an kammala.

Ta haukan kare daban take, ana yi in ya cika wata 3, sannan a riƙa sabuntawa duk shekara. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda ke aiki tun 1924, tana yin wannan rigakafin, akwai kuma na waje. Wannan ita ce allurar da ba ta kare kaɗai ba ce, ta 'ya'yanka ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 59,000 ke mutuwa da cutar duk shekara, akasari a Afirka da Asiya, kusan duka ta cizon kare, kuma kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. In alamunta suka bayyana a jikin mutum, sai dai addu'a.

Ka lura da inda aka ɗauko allurar. Daga firji ko kula mai ƙanƙara za ta fito. Wanda ya zaro kwalba daga aljihu da tsakar rana, ruwa zai soka masa. A ɓamɓaro takardar jikin kwalbar a manna a katin, a sa hannu da kwanan wata.

Baba Sarkin Dawa

'Yata, ta haukan kare ban musa miki ba. Na ga mutumin da ta kama a ƙauyenmu, yana jin ƙishi yana tsoron ruwa. Wannan in ma'aikata sun zo muna fito da karnukan. Sauran ne dai nake ganin na masu kuɗi ne.

Anti Rahila, Kafanchan

Ni damina na kai nawa, saboda wasu ƙuraje da suka fito masa a ciki da tsakanin yatsu, kowanne da ɗan rami a tsakiya. Ina cewa ƙazuwa ce. Ma'aikacin ya shafa man basilin a kan ɗaya, ya ɗan jira, ya matsa da yatsu biyu, sai ga farar tsutsa mai ƙiba ta ɓullo tana motsi. Na kusa faɗuwa. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana jefawa a kwano. Ya ce wani ƙuda ne ke yin ƙwai a ƙasa mai laima inda dabba ta yi fitsari, ko a tsumman da aka shanya, tsutsar ta huda fata ta shige. Magani shi ne wurin kwanansa ya zama busasshe, a ɗaga shi daga ƙasa da katako, a riƙa wanke tsumman.

A kunnensa kuma aka ciro kaska, har can ciki inda ban taɓa dubawa ba. Ya ce kaska ba jini kaɗai take sha ba, tana sa musu zazzaɓin da ke fasa jini har fitsari ya koma ja.

Malam Sani mai kaji, Kano

A kan kaskar nan zan yi magana. Maƙwabcina ya ga kaska a jikin kwikwiyonsa, sai ya dama maganin feshin gona ya yi masa wanka da shi. Kafin la'asar yana dalalar da miyau yana karkarwa, kafin magariba an gama. Wani kuma farasitamol ya ba nasa. Duk abin da kake ba kanka ko kake fesa wa wake, kada ya je jikin kwikwiyo sai likita ya ce.

Sannan ka shirya abin hawa tun dare. Ni masu adaidaita sahu suna hango kai ya leƙo daga kwali suke ƙara wuta. Sai da wani ya ce in biya kuɗin mutum uku.

Abban Khalil

Na gode ƙwarai. Likita, tambaya biyu. Madarar gari muke dama masa, daidai ne? Kuma jiya da suna wasa ya ɗan yaƙushi Khalil da haƙori a hannu.

Likita Hauwa

A daina madarar, ita ke sa da yawansu zawo. A sati bakwai zai iya cin abinci mai laushi sau huɗu a rana, abincin 'yan kwikwiyo na buhu a jiƙa da ruwan ɗumi, ko shinkafa da kifi ko ƙwai dafaffe, ban da albasa, ban da ƙashin kaza. Maganin tsutsa duk sati 2 har ya cika wata 3, daga nan wata-wata zuwa wata 6. Yara su wanke hannu in sun taɓa shi, don tsutsar tana kama mutum.

Maganar Khalil kuma kada ta jira Asabar. In fata ta fashe ko yaya, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, ka kai shi asibiti yau, ka gaya musu ba a san tarihin uwar kwikwiyon ba, su za su yanke ko a fara masa allurar haukan kare. Kwikwiyon kuma a killace shi a sa masa ido kwana 10. In ya daina ci, ko halinsa ya sauya, ko ya mutu a cikin kwanakin, a sanar da asibitin da likitan dabbobi nan take, kuma kada a binne gawar sai likitan ya gani, don da kan ake gwaji.