Abin da makanikai suka ce kan cire sifirin ɗin Fijo 504

Jiya bayan la'asar, a wani gareji da ke Ƙofar Ƙaura, hira ta kai mu kan sifirin ɗin gaba na tsohuwar Fijo 504, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna. Bakinsu ya zo ɗaya a kan abu guda: kada ka kuskura ka kwance notin tsakiya na saman shokozoba kafin ka matse sifirin. Yana ɗauke da nauyin mota ne, in ya kuɓuce sai ya karya muƙamuƙi.

Wani dattijo ya nuna mana tabo a haɓarsa, ya ce, "Yaro, waya na ɗaure sifirin da ita." Tun daga ranar ƙarfen matse sifirin guda biyu yake sa wa, suna kallon juna, ya ɗaure wannan kaɗan, ya koma wancan, kansa a gefe. Ni dai wannan ce ta fi shiga raina.

Sauran a gurguje: a shafa wa zaren ƙarfen giris, a tokare mota, kada a dogara da jak kaɗai. Wajen mayarwa, bakin sifirin ya zauna daidai a gurbinsa. In sifirin ɗaya ya gaji, a canza duka biyun.